Babana, Ka Duba Motarka Kafin Hazo Ya Rufe Hanya

Funtuwa,
24 ga Nuwamba.

Babana,

Ya aiki, ya kaka? Mu mun gama cire masara, dawa ce ta rage a gona, waken suya kuma yana jiran bugu. Innarka na fama da gwiwar nan tata tun da sanyi ya fara saukowa, amma da sauƙi, alhamdu lillahi.

Dalilin wannan takarda motarka ce. Na san za ka ce me ya hana in kira ka a waya. Maganar tana da tsawo, kuma ina so ta kasance a aljihunka ranar da za ka je gareji. Wannan ne hunturunka na farko da mota taka ta kanka, ga shi aikin malamin gona bai san zama wuri ɗaya ba: yau kana Kafur, gobe Dayi, jibi Danja, ran Juma'a kuma ka kamo hanyar gida. Ni kuwa a kan sitiyari na tsufa. Tun ba a haife ka ba nake jigilar auduga daga kasuwannin ƙauye zuwa injin gurza, kuma abin baƙin cikin da na gani a kan kwalta a watannin ɗari ya fi wanda na gani da damina.

Corollar nan taka daga Turai ta fito, ta biyo ta Kwatano. A can, shirin sanyi daban ne. Ruwa daskarewa yake yi, idan kuma ya daskare yakan kumbura har ya tsaga inji, shi ya sa suke zuba maganin hana daskarewa, su canza tayoyi, hukuma ta bi tituna tana watsa gishiri don ƙanƙara ta narke. Mu Allah ya hutar da mu wannan. Ko a tsakiyar muku-muku, da wuya sanyin asubarmu ya sauka ƙasa da digiri 10, kafin azahar kuma an koma wajen 30. Saboda haka mutanenmu suke ganin babu wani shiri da mota ke buƙata, kuma nan ne suke cutuwa. Sanyinmu ba ya lalata mota mai lafiya. Abin da yake yi shi ne ya tona asirin duk wani abin da aka yi wa sakaci tun bazara, kuma da asuba yake tonawa, ko a tsakiyar hanya. Ga shi ba shi kaɗai yake zuwa ba, tare yake da ƙura.

Ƙurar nan ba ta gonakinmu ba ce kaɗai. Mai yawa daga cikinta daga Chadi take tasowa, daga wani kwari da ake kira Bodele, arewa maso gabas da Tafkin Chadi. A zamanin da can ruwa ne kwance a wurin, ya ƙafe ya bar busasshiyar laka mai laushi. Iska takan matso ta tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta kwashi lakar nan ta yo kudu maso yamma da ita, wata ma har ta tsallake teku ta sauka a dajin Amazon. Ita ce kake sharewa a kan gilashi kowace safiya daga ƙarshen Nuwamba har cikin Maris, ita ce kan hana jiragen sama sauka a Kano wasu ranaku. To ka sani, kafin inji ya ƙona lita ɗaya ta fetur sai ya shaƙi iska wajen lita 9,000. Ka lissafa man da kake sha a mako, ka ga yawan hazon da ke bi ta hancin motarka.

Abin da ke tsakanin wannan ƙura da cikin inji takarda ce guda, filtar iska. Ita ce amawalin mota. Ka buɗe bonet da kanka, ka ɓalle maƙallan baƙin akwatin da take ciki, ka zaro ta ka ɗaga ta saitin rana. Idan haske yana ratsa ninkin takardar, da sauranta. Idan ta yi jawur ta toshe, ko ka ga huda ko da ta kan allura ce, ko robar bakinta ta saki, a saya sabuwa. Yaran gareji suna son hura ta da iskar injin faci, kuma sau da yawa ƙarfin iskar ke yaga ta ba a lura ba. In za a hura, a hura a hankali, daga ɓangaren da ke da tsabta zuwa waje. Kada a wanke ta da ruwa ko fetur. Kada kuma wani ya ce maka a cire ta ka lallaɓa zuwa gida, domin ƙurar da ta shiga tana haɗuwa da baƙin mai ta riƙa goge cikin inji, bayan wata biyu ka ga mota na hayaƙi tana shan mai, a ce sai an sauke inji. Ka shafa robar da ta tashi daga akwatin zuwa inji ma, in ta tsage, ta nan ƙura za ta bi ta bar filtar a zaune. Har hunturu ya wuce, kada mako biyu su yi ba ka duba ba. Akwai wata ƙaramar filtar a bayan akwatin gaban fasinja, ta iskar da ku kuke shaƙa. Saboda tarin da 'yarka take yi, ita ma a canza ta.

Sai batir. Ran da ka zo, na ji yadda motar ta ja numfashi kafin ta tashi, ban ce komai ba don muna cikin mutane. Batirin nan ya gaji. Zafin Afrilu da Mayu shi ke cinye batir a ƙasarmu, amma ba ya nuna kansa sai sanyi ya zo, lokacin da ƙarfinsa ke raguwa, baƙin mai kuma ya yi kauri, inji ya yi nauyin juyawa. Da wuya batir ya wuce shekara biyu zuwa uku a nan, kai kuwa ba ka san shekarun wanda ka tarar a cikinta ba. Ka kai wa mai rewaya ya ɗora mita kana tsaye. Mota a kashe, bayan ta kwana, lafiyayyen batir yana nuna 12.6 ko kusa da haka. Idan an tayar, ya kamata ya hau tsakanin 13.8 da 14.4, in bai hau ba, to caji ne ba ya shiga, ko sabon batir ka sa zai mutu. Farin garin da ke taruwa a kawunansa, a kwance wayoyin a wanke da ruwan ɗumi da ɗan kanwa, a goge, a ɗaure tamau, a shafa giris kaɗan. Ka tuna motarka otomatik ce, ba ta tashi da turi irin namu na da. Ka sayi wayar jona batir mai kauri ka ajiye a but. Idan ta ƙi tashi, kada ka danne makulli kana ta murzawa. Daƙiƙa goma ta isa, ka saki, ka ba ta ɗan lokaci.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a cikin injin, kuma a nan nake so ka tsaya tsayin daka ko da bakanike ya girme ka. Da ka kawo motar na lura fankarta tana tashi tare da makulli, allurar zafi kuma ba ta ɗagawa daga ƙasa ko bayan doguwar tafiya. Wannan alama ce an cire mata tamostat, an haɗa fanka kai tsaye. Kusan duk motar da ta shigo ƙasar nan haka ake yi mata, a ce wai na ƙasar sanyi ne, a nan zai sa ta yi zafi. Ba gaskiya ba ne, kuma na daɗe ina gardama da abokaina a kan haka. Tamostat ƙofa ce ƙarama da ke tsare ruwa a cikin inji har ya ɗumama, idan ya wuce digiri 80 sai ta buɗe ya tafi lagireto. An gina injin ne ya yi aiki a wajen digiri 90. Idan aka cire ƙofar, fanka kuma na ta kaɗawa, da safiyar hunturu za ka tashi daga Malumfashi har ka iso Bakori injin bai yi ɗumin da ya kamata ba. Ƙwaƙwalwar motar tana ganin inji da sanyi, sai ta yi ta ƙara masa fetur. Man da bai ƙone ba yana wanke jikin silinda, ya gangara ya tsinka baƙin mai, fulogi su yi baƙi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 kowa ke kukan tsadar lita, amma mutum na zubar da ita kowace safiya saboda wani ɗan ƙarfe da bai kai tafin hannu ba. A nemo tamostat mai kyau a mayar, a mayar da fanka kan na'urarta. Idan bayan haka motar ta yi zafi, to akwai wata cutar da ake ɓoyewa: lagireto ya toshe, ko murfinsa ya mutu, ko famfon ruwa ya gaji. Ita za a nema a yi magani.

Lagireton kuma a daina ɗura masa ruwan rijiya. Yana barin tsatsa da farin dutse a cikin ƙananan bututun. A wanke shi sarai a zuba kulan, kada a gauraya ja da kore. Ba don daskarewa muke zubawa ba, don tsatsa ne, kuma yana jure zafi fiye da ruwa zalla. Ƙaiƙayi da audugar da ke maƙalewa a fuskarsa a wannan lokaci, a hure su. Ko da wasa kada ka buɗe murfinsa da zafi.

A yi juye kafin Disamba ya shiga, tare da filtar mai. Ka duba littafin motar ko murfin da ake zuba man, lambar da aka rubuta ita za ka saya. Irin taka yawanci 5W-30 ne, masu gareji kuwa sun saba da 20W-50 mai kauri, wanda da sanyin asuba yake jinkirin hawa saman inji, alhali a wannan ɗan lokacin na tashi ne inji ya fi cin kansa. Sai dai in injin ya riga ya tsufa yana shan mai, wannan sai mu yi magana. Ka saya a rufe a wurin da ka amince, ban da na awo a bakin titi. A cikin ƙura irin tamu, kada ka wuce kilomita 5,000 ba ka sake ba. Batun ɗumama mota kuma, mu da muka tuƙa Peugeot 504 da ake haɗawa a Kaduna, sai mun ja cok mun jira. Taka ba ta buƙatar wannan. Ka tayar, ka ba ta kamar minti ɗaya, ka tafi a hankali har allura ta ɗaga. Banka mata wuta tana tsaye, yadda samari ke yi don unguwa ta ji, cutar da ita ne. Idan ka ji fanbel na kuka da safe, a duba shi, bushewar iska na tsattsaga roba. A leƙa birki da mansa a wannan zaman.

Tayoyinka na baya ban yarda da su ba. Na ga hoton dutse da ƙanƙara a jikinsu. Tayoyin sanyin Turai ne, robarsu mai laushi ce, an yi ta don yanayin da bai kai digiri 7 ba. Idan sun gama da su can sai a loda mana. A kan kwaltarmu da rana suna saurin cinyewa, kuma ba sa kama ƙasa da kyau idan aka taka birki. Kada kalmar sanyi ta ruɗe ka, ba irin namu ake nufi ba. Ka kuma nemi lambobi huɗu da ke jere a gefen kowace taya, bayan rubutun DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa tana ɗaukar tayar da ta wuce shekara huɗu a matsayin wadda ta gama aiki, ko da zanenta na nan. Iska kuwa da safe ake aunawa, kafin a yi tafiya. Adadin yana rubuce a jikin ƙofar direba, a irin motarka bai wuce 30 zuwa 33 ba. Mai faci in ka bar shi zai kai ta 45 ko 50, ya ce hanya ba kyau. Ka ce a'a. Sanyi na rage iskar taya kaɗan, zafin rana ya ƙara ta, don haka in ka auna da rana ka ga ta hau, kada ka sace. Safaya ma taya ce, a auna ta, ka tabbata jak da abin kwance ƙusa suna nan.

Duk wannan da na faɗa, Babana, na inji ne da roba, kuɗi na gyara su. Abin da ke ɗaukar rai a hunturu shi ne rashin gani.

Wata safiya cikin Janairu, ina tafe da lodi, na iske mutane sun taru a wata kwana bayan an wuce Bakori. Ƙaramar mota ce ta afka wa amalanken shanu da ya ɗauko kara. Na sauka don a taimaka. Abin da idona ya fara kaiwa gare shi gilashin motar ne: ya yi fari fat da ƙura, sai wani ɗan wuri daidai fuskar direba da aka share da hannun riga. Ta wannan 'yar kafa yake kallon duniya yana gudu. Fitilarsa ɗaya ce ke aiki. Mai amalanken, dattijo ne sa'an mahaifina, yana zaune a gefen kwalta riƙe da igiyar sa ɗaya, ɗayan yana kwance ba ya motsi. An tafi da yaron da ke kan karan asibiti. Direban ba mugu ba ne, yana ta kuka yana cewa bai gan su ba, kuma gaskiya ya faɗa.

Don haka kowace safiya, kafin ka murza makulli, ka wanke gilashi da ruwa, gaba da baya da madubai, da fitilu duka. Ruwa za ka fara zubawa ya kwashe ƙurar, sannan tsumma. Shara a bushe, ko kunna waifa a kan busasshen gilashi, zane take bari, zanen nan kuma shi ke watsa hasken fitilar mai zuwa ya makantar da kai. Robar waifa ta bushe tun ƙarshen damina, a canza ta, tankin ruwanta ya kasance cike. Kada ka zuba ruwan zafi a gilashi mai sanyi, musamman naka da ke da ɗan tsagu a ƙasa, zai ƙarasa shi. Cikin gilashin ma a goge. Idan kun cika motar kun rufe tagogi ya yi gumi, ka kunna AC ka juya iskar kan gilashi, ko ka ɗan sassauta taga. Fitilun gaba da suka yi ruwan ɗorawa, man goge baki da tsumma na rage dushewarsu. Ka sa wani ya tsaya a baya ka taka birki, ka kunna sigina, ka ga kowane ƙwai na kamawa. A cikin hazo, fitilar baya ita ce ke hana tirela hawa kanka.

Idan hazo ya sauka, ka kunna fitila ko da rana tsaka, amma ƙarama. Babbar fitila tana bugun ƙurar ta dawo idonka. Ka rage gudu har ya zama duk inda idonka ya tsaya za ka iya tsayawa kafin nan. Mota a gudun 100 tana cin mita 28 a daƙiƙa ɗaya, kafin ƙafarka ta bar totur ta kai birki ka shafe tsawon gida biyu, kuma idan gudu ya ninka, tazarar da birki ke buƙata sau huɗu take ninkawa. Doka ta ba ƙaramar mota 80 a irin hanyarmu, 50 a cikin gari, amma wannan na ranar da sama take garau ne. Kada ka wuce babbar mota in ba ka ga ƙarshen hanyar da za ka bi ba, ko da na bayanka zai fasa hon. Sauri ya haifi nawa.

Ka kuma san lokacin da muke ciki. Kaka ce, hanya ta cika da abin da babu shi da damina. Tireloli na lodin masara daga Dandume da Bakori, motocin rake da tumatir na fitowa daga Danja, an yi musu lodi har sun karkace. Tarakta na tafe ba fitilar baya. Babur ya ɗauko buhu uku a gicciye, faɗinsa ya kai na mota. An yi shanyar barkono da masara a gefen kwalta, mai shanyar na tsaye a kan hanya yana korar awaki. Shanu na gangarawa kudu neman ruwa. Yara 'yan makaranta da almajirai sun ƙudundune kai da kunne cikin mayafi, ba sa jin hon. Babbar mota in ta lalace, ganye da duwatsu ake jerawa a bayanta, idan an gyara a tafi a bar duwatsun. Ga masu ƙona daji da masu farautar gafiya, hayaƙinsu na haɗuwa da hazo ya rufe hanya ruf. In ka ga haka, ka tsaya nesa, ka sauka daga kwalta sosai, ka jira ya wuce. Ranar kasuwar kowane gari da ke kan hanyarka, ka san ta, ka shiga garin kamar mai tafiya a ƙasa. A Mararrabar Ƙanƙara ka ninka hankali, motoci na shigowa ta ko'ina.

Wani abu da ba kowa ke lura da shi ba: daga Malumfashi zuwa Funtuwa kudu maso yamma kake fuskanta, a watan Disamba kuwa can rana ke faɗuwa. Duk wanda ya taso bayan la'asar sakaliya, rana na cikin idonsa, hazo ya mayar da gabansa fari. Da safe kuma gari ba ya wayewa sosai sai wajen ƙarfe 7. Tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba. Babu dalilin da zai sa ka yi ta a mafi munin lokaci.

Ka kula da kanka kamar yadda za ka kula da motar. Maganin mura irin su Piriton yana sa barci, kada ka sha ka hau hanya. Kada ka naɗe kai da kunnuwa har ka kasa waiwaye ko jin abin da ke bayanka. Motocin da suka taka gishirin Turai sukan zo da tsatsa a ƙasa, don haka a ɗaga taka a duba salansa da bututun birki. Salansa in ta huje, kuka rufe tagogi saboda sanyi, dafin da ke cikin hayaƙin da ke shigowa ba shi da wari ba shi da launi. Ciwon kai yake farawa da shi, sai kasala, sai barci. In ka ji haka, ko yara suka yi shiru ba dalili, ka buɗe tagogi ka tsaya. Kada a kwana ko a yi barci a mota inji na aiki, kada a bar ta tana aiki a rufaffen gareji. Idan ka shiga gona, kada ka ajiye ta a kan busasshiyar ciyawa ko tarin ƙaiƙayi, ƙarƙashinta na da zafin da zai kunna wuta, iskar hunturu kuma ba ta jira. Tukunyar kashe gobara ta kasance inda hannunka zai kai, allurarta a kan kore. Ban yarda ka ɗauki fetur a jarka cikin but ba.

Akwai maganar da ba na son rubutawa, amma dole. A zamaninmu, idan mota ta mutu a daji, sai mu hura wuta mu kwana a gefenta, da safe mutanen ƙauye su kawo mana kunu. Yanzu ka san yadda yankinmu ya koma. Cikin hunturu ne, ranar 11 ga Disamba 2020, aka kwashe ɗaliban makarantar kwana ta Ƙanƙara, kuma ka san abin da mutanen Faskari da Sabuwa da Dandume suka sha. Lalacewar mota bayan magariba a yau ba ƙaramin abu ba ne. Shi ya sa na tsawaita a kan batir da fanbel da taya, ba don ina son ƙarfe ba. Kada ka dogara da cewa za ka kira wani. Ka tuna 2021, da aka rufe layukan waya a Funtuwa da Bakori da Malumfashi da wasu ƙananan hukumomi wata da watanni, kuma ko yanzu akwai wuraren da sabis ba ya kaiwa. Tankinka kada ya sauka ƙasa da rabi. Ka riƙe tocila, da galan na ruwa, da bargo, da alamar tsayawa mai kusurwa uku, da cajar waya. Lambar gaggawa ta jami'an kiyaye haɗura 122 ce, ka sa ta a wayarka da ta mai ɗakinka. In aiki ya riƙe ka a ƙauye har rana ta yi ƙasa, ka kwana a inda mutane suke. Babu shugaban da zai kore ka don ka ƙi tafiyar dare, in ma akwai, gara aikin ya tafi. Ka yi addu'ar hawa duk lokacin da ka zauna, tsari na Allah ne, amma Shi ne ya ba mu hankalin duba taya.

Na san albashi ba ya kaiwa, ga hidimar gida. In ba za a iya duka a tashi ɗaya ba, a fara da tayoyin nan biyu da fitilu da birki, sai batir da filta, sauran su biyo baya kafin tsakiyar Disamba. Na ba ƙaninka buhu biyu na masara ya kai kasuwa, kuɗin batirin ne, zai turo maka. Kada ka mayar, kada kuma ka kashe su a wani abu.

Ran Juma'a ka taso da zarar an sauko daga masallaci, ka iso da rana a sama. Ka bar motar ta kwana a ƙofar gida, da asubar Asabar ina so in ji tashinta da kunnena, mu buɗe bonet tare in nuna maka abin da takarda ba za ta iya nunawa ba. Innarka na gaishe ku, ta ce a riƙa shafa wa yara man kaɗanya, a sa musu hula in za a fito da su. Ka gaida mai ɗakinka, ka shafa mini kan amaryata. Ka kira idan ka taso, ka sake kira idan ka wuce Bakori, amma ka tsaya gefe kafin ka taɓa wayar.

Allah ya tsare, ya yi maka albarka, ya kawo ku lafiya.

Wassalam,
Mahaifinka.